Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina

Har yau idan muka haɗu da yayar maigidana a gidan biki ko gidan rasuwa, gaisuwarmu ba ta wuce "ina kwana" da "ya yara". Ta amsa tana kallon gefe, ni kuma in wuce in nemi wata tabarma. Dangi sun yi sulhu har sun gaji. Surukina kafin ya rasu sau biyu yana zaunar da mu, ya yi mana nasiha a kan zumunci, muka ce mun ji, mun yafe. Baki ne ya yafe. Ba zan yi ƙarya a rubuce ba, ina jin haushin matar nan, kuma duk lokacin da na gan ta sai haushin kaina ma ya taso.

A gidanmu da gidan su maigidana, mace ba ta nuna ta san 'yar farinta. Ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban manya, in ta faɗi ta fasa baki sai dai wata ta ɗaga ta. Haka na ga mahaifiyata ta yi da babban wanmu, haka ni ma na yi, har da ƙari, don ina so a ce matar da aka kawo gidan malamai mai kunya ce. Da lokacin yaye ya yi, Yaya, wato yayar maigidan nawa, ta zo daga Sara ta goya yarinyar ta tafi da ita. Nata 'ya'yan duk maza ne, sun girma. An ce wata ɗaya za ta yi a can, sai ga shi ta shekara tara, ban ce uffan ba. In zan yi zancenta sai in ce "'yar gidan Yaya". Ita kuwa yarinyar Inna take ce wa Yaya. Ni ba ta kirana da komai, sai dai ta durƙusa ta gaishe ni ta tashi.

Yaya tana da wani tsohon gwangwanin madara da take ɓoyewa a bayan jeren kwanukanta. Cike yake da magunguna, wasu ragowar na asibiti, yawanci kuwa kafso ne mai kai ja da gindi ruwan ɗorawa, wanda take saye bibbiyu a wurin wani mai talla da ke zuwa ranar kasuwa da babur da lasifika. Duk unguwar an san gwangwanin nan. Mura kafso, gudawa kafso, ƙurji a fasa kafso a barbaɗa, kaji ma in sun fara gyangyaɗi sai ta jiƙa musu a ruwan sha. Mata suna ce mata likitar unguwa, ita kuma kai ya kumbura. Ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa a jikin maganin, amma in ta buɗe gwangwanin nan sai ka rantse ta shekara goma a makarantar likitoci.

Bayan an gama yankan gero ne na je Sara suna. Da rana tsaka, tsakar gida cike da mata, na hango yarinyar ta fito daga ɗaki. A sunkuye take tafiya, hannunta dafe da gefen cikinta na dama, tana taka ƙafar daman a hankali. Ta je gindin rumbu ta zauna. Aka miƙa mata waina ta girgiza kai, can sai ga amai. Yaya ta shiga ɗaki ta fito da kafso, ta fasa shi a cikin koko ta ɗura mata. Wata maƙwabciya ta ce tun jiya ake yi, da farko a cibiya take cewa yana mata ciwo, yau kuma ya koma gefe.

Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin na fitar da ita. Na ce, "Yaya, 'yar gidan nan taki kamar cikin ya matsa mata. Ko a kai ta a duba?"

Wata gwaggon maigidana da ke gefe ta tafa hannu ta ce, "Yau ga sabon salo, uwa na leƙen 'yar fari."

Aka kwashe da dariya. Yaya ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Shekara tara ina riƙon ta ban nemi shawararki ba. Tsutsar ciki ce. Gobe war haka za ki gan ta tana tsalle-tsalle."

Ni ma sai na yi dariya, na ja mayafi na rufe fuska kamar an kama ni da abin kunya. Da la'asar na hau mota na koma Birnin Kudu, na bar ta a gindin rumbu. Na yafe wa mutane abubuwa da yawa a rayuwata, amma wannan dariyar tawa ban yafe wa kaina ita ba.

A gida na gaya wa Malam, maigidana, a kaikaice. Shi ma kunyar ce ta ɗaure shi, ga kuma tsoron yayarsa da ya tashi da shi tun yana ƙarami. Ya ce Yaya ta fi mu sanin yarinyar. Washegari da yamma ya daure ya buga mata waya, ya yi ta zagaye-zagaye a kan kaji da amfanin gona kafin ya tambayi "mai jiki". Ina jin muryar Yaya daga inda nake zaune, tana cewa ciwon ya kwanta, yarinya har ta yi barci, a gaya wa masu shakka kafso ya yi aikinsa. Daga baya likita ya gaya mana cewa sau da yawa irin wannan sauƙin na ɗan lokaci yana zuwa ne daidai sa'ar da abin ya fashe.

Kwana biyu bayan wayar, da hantsi, aka kawo ta asibiti a motar kasuwa. Malam ya aiko aka kira ni. Na same ta a kan gado, leɓɓanta sun bushe, idanunta sun faɗa, jiki zafi rau, cikin ya kumbura ya yi tauri kamar an kifa ƙwarya. Ko zanen da aka rufa mata ba ta so ya taɓa wurin.

Likitan matashi ne, mai magana a hankali. Ya taɓa cikin, ya ɗago ya dube mu ya ce, "Wace ce mahaifiyarta?"

Na sunkuyar da kai. Yaya ta ce, "Ni ce."

Ya ce, "Hajiya, kwana nawa da farawa? An ba ta wani magani?"

Yaya ta ce, "Jiya-jiya ne. Ba a ba ta komai ba sai koko."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Likita, yau kwana biyar. Kuma kafso ake ba ta, mai ja da ruwan ɗorawa, safe da yamma. Tun tana ƙarama ake ba ta shi daga gwangwanin Yaya, ko atishawa ta yi."

Yaya ta juyo ta yi mini wani irin kallo. Likitan ya rubuta abin da na faɗa. Sannan ya yi mana bayani: afendis ne, wani ɗan reshen hanji da bai fi ɗan yatsa ba. Ya kumbura, ba a cire shi da wuri ba, ya fashe, mugunya ta bazu a cikin cikinta. Kafson bai warkar da komai ba, ya dai sa an zauna ana jira. Ya ce tiyata za a yi, kuma a ranar.

Ranar aka yi. Aka fito da ita da roba a gefen ciki tana fitar da wani ruwa mai wari zuwa cikin leda, ga ƙarin ruwa a hannu, ta nan ake zuba mata maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan lokaci. Kwana uku zazzaɓin ya ƙi sauka. Suka ce sun gwada mugunyar da suka ɗiba, ƙwayoyin cutar da ke ciki ba sa jin maganin farko, dole a canja wani mai ƙarfi. Na tsare likitan a baranda na tambaye shi dalili. Ya ce ba zai rantse ba, amma irin waɗannan magunguna in ana shan su barkatai, biyu yau, ɗaya jibi, a kan mura da abin da ba nasu ba, ƙwayoyin cuta sabawa suke yi da su. Ranar da ake buƙatar maganin da gaske, sai a tarar ba ya cin su. Na tuna kajin Yaya da 'yata suna shan abu ɗaya daga gwangwani ɗaya, na ji kamar in koma ɗakin in shaƙe ta.

Ban shaƙe ta ba. Ita ce ma ta zauna jinya a bakin gado, don ita ce uwa a idon kowa. Ni aikina in dafo abinci in kawo, in ajiye, in koma baranda in zauna. Wata nas har ta tambaye ni ko ni maƙwabciyarsu ce, ta yaba mini kirki. Ta taga nake leƙen yarinyar in na ga ba mai kallona. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kan Yaya, ko da ba na so: ba ta taɓa barin bakin gadon nan ba, ita ke goge mata jiki, ita ke kwashe amai, ta rame kamar ita aka yanka. Wannan ma haushi yake ba ni, don da muguwa ce da abin ya fi mini sauƙi.

Da aka canja maganin, zazzaɓi ya sauka. Aka cire robar, ta fara shan kunu, ta fara takawa zuwa bakin ƙofa. Ranar da za a sallame mu likita ya kawo katin magani, ƙwayoyi farare a jere, ya ce sau uku a rana har kwana biyar, don a ƙarasa kashe abin da ya rage a ciki. Yaya ya miƙa wa, amma ni yake kallo da ya ce, "Ba a ragewa, ba a tsallakewa, ba a ba wani."

Saboda wankin ciwo aka ce su sauka a gidanmu na Birnin Kudu. Nan fa 'yan dubiya suka buɗe hanya, daga Sara, daga Sundimina, daga Farin Dutse. Labari ya riga ya zaga cewa yarinya ta leƙa lahira an dawo da ita da wani magani na musamman. Kowace ta shigo sai ta ce a nuna mata shi, Yaya ta fito da katin tana juyawa kamar ita ta haɗa.

Rana ta uku bayan azahar na shigo ɗakin da kwanon fura. Mata biyar ne a zaune, yarinyar tana kishingiɗe a kan katifa. Sai na ga Yaya da reza a hannu, ta yanki ƙwaya biyu daga jikin katin ta miƙa wa wata 'yar uwarsu daga Farin Dutse, wadda ɗanta ke ta tari a cinyarta. Sauran kuma ta ƙulle a bakin zanenta.

Na ce, "Yaya, wannan ba maganin mai jiki ba ne?"

Ta ce, "Mai jiki ta warke. Ba ki ga tuwon da ta ci ɗazu ba? Tun jiya na daina ba ta. Magani mai kyau irin wannan ba a ƙarar da shi a kan mai lafiya, a ajiye saboda wata rana. Ga baiwar Allah ta roƙa, ɗanta ba lafiya. Wa ke hana magani?"

Matan suka ce gaskiya ne, ba a hana magani. A wurinmu wanda ya hana maƙwabci magani yana da shi, sunansa ya ɓaci har jikoki. Na san haka, a ciki na tashi. Amma a lokacin abin da nake gani kawai shi ne ledar nan da ruwan wari ke ɗiga a ciki.

Na ajiye kwanon. Na kira sunan yarinyar, sunanta na yanka, da ƙarfi, karo na farko tun ranar da aka raɗa mata shi. Na ce, "'Yata ce. Ni na yi naƙudarta, ni na haife ta. Kin kusa kashe mini ita da gwangwaninki sau ɗaya, ba za ki yi na biyu ina kallo ba."

Na je gaban baƙuwar na miƙa hannu, ta zuba mini ƙwayoyin biyu. Na ce ta kai ɗanta asibiti a duba shi, ba kowane tari ke son wannan ba. Na juya wurin Yaya, na kama bakin zanenta na kwance ƙullin da kaina.

Ta ce, "Yau ni kike taɓa wa zane, a gaban mutane?"

Na ce, "Ke."

Wata tsohuwa ta yi salati ta ce duniya ta ƙare, kunya ta bar gidan malamai. Suka fara neman takalmansu. Na juya in dubi yarinyar, sai na ga ta maƙure a jikin bango, tana kallona kamar yadda yaro ke kallon baƙon da ya shigo gida da faɗa.

Ban tsaya ba, na sa Malam ya nemo mota muka mayar da ita asibiti da guntayen katin a hannuna. Likita ya duba ciwon, ya auna zafin jikinta, ya danna cikin a hankali. Ya ce Allah ya rufa asiri, babu alamar mugunya ta sake taruwa, a ci gaba da maganin daga yanzu, ya faɗi ranar da za a tsaya, in kuwa zazzaɓi ya dawo ko amai a kawo ta nan take. Ni kuwa zuciya ba ta sauka ba. Na ce, "Likita, ka ƙara mata na sati biyu mana, ko na wata guda, kowace ƙwayar cuta ta mutu."

Ya dube ni ya ce, "To ke ma kin buɗe naki gwangwanin ke nan. Ranar da na faɗa, a tsaya. Yawan nasa ma ɓarna ne."

Na ji zafin maganar, na haɗiye, don gaskiya ya faɗa.

Da muka dawo gida Yaya ta riga ta ƙulle kayanta, tana zaune a zaure tana jiran Malam ya kai ta tasha. Ban ko kalle ta ba. Lokacin magani ya yi, gab da magariba. Na ɗebo ruwa a kofi, na ɓare ƙwaya, na zauna a bakin katifar da ban taɓa zama ba. Na sake kiran sunan, a hankali wannan karon. Ba ta amsa ba. Na kai ƙwayar bakinta, ta datse haƙora ta juya ta fuskanci bango.

Na lallasa, na yi alkawarin sabon takalmi, na daka tsawa, Malam ma ya shigo ya gwada. Abu ɗaya kawai ta ce, tana kuka ba sauti saboda ɗinkin cikinta: "Inna ce za ta ba ni."

Ba yadda za a yi a danne yarinya mai ɗinki a ciki a ɗura mata magani. Ta riga ta rasa na jiya da na safiyar ranar. Na tsaya da ƙwaya a tafin hannu har ta fara narkewa da gumi. Sannan na fita zaure, na durƙusa a gaban matar da na ci wa mutunci ɗazu, na ce, "Yaya, ki yi haƙuri ki zo ki ba ta."

Ta bar ni a durƙushe har aka gama kiran salla. Sannan ta miƙe, ta wuce ni ta shiga ciki. Ta ce, "Buɗe baki, uwata." Yarinyar ta buɗe.

Haka muka ƙarasa kwanakin. Katin yana wurina, a ƙulle a bakin nawa zanen. Sau uku a rana in ɓare ƙwaya in sa a tafin Yaya, ita ta sa a bakin yarinyar, ni in tsaya a kansu sai na ga ta haɗiye ta buɗe baki na duba. Ba ta ce mini, ba na ce mata. A tsakanin nan na tasa Malam gaba sai da ya je Sara ya ɗauko gwangwanin, na kai shi asibiti na ce su yi yadda ake yi da irinsa. Nas ɗin da ta zazzage shi ta ce wasu ƙwayoyin sun shekara da lalacewa. An gaya mini daga baya Yaya ta sami wani gwangwanin. Ban yi mamaki ba, mai babur da lasifika yana nan duk ranar kasuwa.

Ranar da likita ya faɗa ta zo, ranar Laraba da rana. Na ɓare ƙwaya ta ƙarshe, na sa a hannun Yaya. Yarinyar ta haɗiye, ta buɗe mini baki ba tare da na tambaya ba, ta saba. Fuskarta ta ciko, zazzaɓi bai dawo ba, ciwon ya kame. Na yi niyyar in ce daga yau ta zauna a nan, na shirya maganar tun kwana uku, Malam ma ya ce ba zai hana ni ba.

Sai ta kama hannun Yaya ta ce, "Inna, tunda maganin ya ƙare, yaushe za mu koma gida?"

Ni na ninke mata kayanta. Na sa takardar asibitin a ƙasan jakar, na rubuta lambar wayata a bayanta, na gaya mata ko kanta ne ya yi ciwo ta sa a kira ni kafin ta haɗiyi komai. Ta ce to, tana kallon ƙasa.

Na raka su har tasha, abin da uwar 'yar fari ba ta yi. Da motar ta cika, direba ya tayar, na leƙa ta taga na kira sunanta a gaban duk mutanen da ke ciki. Ta ji ni sarai. Sai da ta fara duban fuskar Yaya tukuna, sannan ta amsa.